Ƙofofi Huɗu a Bangon Salihu

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce muku ya riga ni, ku ce masa Usta Alhasan magini ya ce ƙarya yake yi. Tun kafin motar hukuma ta shigo Bayan Mahlaj, tun kafin a buɗe gwangwanin jan fenti, na san akwai abin da ake ƙullawa a gidan Salihu, domin da hannun nan nawa na riƙe gudumar da aka fara aikin da ita.

Bari in gaya muku inda muke, don ku 'yan yanzu ba ku san ko'ina ba sai inda waya ta nuna muku. Bayan Mahlaj unguwa ce a gefen garin Hajj Abdalla, bayan tsohon injin gurzar auduga. Gwamnati ta gina wa leburorin injin ita, ɗaki bibbiyu na jan bulo, layi-layi. Ina saurayi aka yi ginin, ni nake miƙa bulo. Daga baya injin ya mutu, gwamnati ta manta da mu. Baƙar ƙasar yankin nan namu na Jazira kuwa ba ta ƙaunar gini. Da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki, da damina ta kumbura ta ɗaga tushe. Bango ya rabe har kana hango maƙwabcinka yana cin kisra, wainar dawar nan tamu mai faɗi. Masai uku suka rufta a shekara ɗaya. Kwanon rufi ya zama rariya, in ana ruwa sai ka ɗauki gadonka kana yawo da shi a cikin ɗaki kana neman inda ba ya zuba. Famfo ɗaya ga gida ɗari da wani abu. Shekara arba'in ni nake liƙe unguwar nan da laka da kashin shanu, ba don ni ba da tuni ta kwanta a kan mutanenta.

Ni kuwa ba a kayar da ni. A goye aka shigo da ni ƙasar nan daga yamma, kan hanyar Makka, ubana ya rasu ba mu kai kogi ba. Yunwar tamanin da huɗu ta same ni ta bar ni. Ambaliyar tamanin da takwas ta tafi da shanun mutane, ni na fito da wasu mata biyu da keken ɗinki a kafaɗa. Kwalara ta kwantar da ni har an aika a yanko likkafani, na tashi zaune na ce a ba ni shayi. Ban san alif ba, amma ban taɓa ganin bangon da ya ɓoye mini abin da yake ciki ba.

Gidana gidan mutunci ne. Na kewaye ɗakunan gwamnati da katanga, na yi zaure ɗaya, kamar yadda iyayenmu suke yi. Duk mai shiga sai ya bi ta gabana. A ciki, ni da tsohuwar matata Iya muna ɗakunan bulo. A bayansu na gina wa Dije ɗaki biyu na laka. Dije matar ɗana ce marigayi, da 'ya'yanta biyar. Tukunyarta daban, kaskon kisrarta daban, randarta daban. Babbar ɗiyarta ita ce Sakinatu, shekara ashirin da biyu, tana aiki a wani kantin magani a kasuwa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. Amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsoho mai ran ƙarfe.

Shekara biyu Uwaisu ɗan Salihu yana zuwa zaurena zance wurin Sakinatu duk Alhamis bayan la'asar. Farar jallabiya mai karin guga, takalmin fata ja, turaren da yake riga shi isowa. Kullum da ƙunshin ƙwayar gahawa da citta a hannu, nawa. Hausarsa a karye take, in ya ce «ina wuni» kamar yana tauna dutse, amma yaro ne mai kunya. An kai gaisuwa, an sa biki bayan cirar auduga. Uban nasa Salihu shi ne shugaban lajna, wato kwamitin unguwa. Mutum ne da in baƙo Balarabe ya zo, nan take Hausa take gudu daga bakinsa, sai baƙon ya tafi ta dawo.

A shekarar dubu biyu da tara aka fara raɗe-raɗin za a rushe Bayan Mahlaj a sake gina ta, kowane iyali ɗaki biyu sababbi da famfo da wuta. Mun sha jin irin wannan, ba wanda ya ɗaga kai.

Wata safiya Salihu ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan gidansa, wajen da yake fuskantar kwatar unguwa, inda ko kare ba ya bi.

«Usta, ƙofofi nake so a bangon nan. Huɗu.»

«Huɗu? Kasuwa za ka buɗe?»

«Iska nake nema. Zafi ya yi yawa.»

«Iskar kwata?»

Ya yi dariyar nan tasa da ba ta kai ido. «Kai dai fasa. Kwana biyu na ba ka. Ga tsofaffin kwanukan rufi can, ka rataya su. Kuma ka shafe gefe da tsohuwar laka, ba na son sabon aiki ya nuna.»

Na fasa. Aikina ke nan, kuma ba mai fasa bango ya bar shi tsaye kamar ni. Amma ina buga guduma ina cewa a raina, mutumin da yake son sabuwar ƙofa ta yi kama da tsohuwa, ba iska yake nema ba. Kun ji ko? Gani na gani. Fassarar ce ta zo a makare.

To, yanzu ga inda ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai ku.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina zaure ina shan gahawa, Sakinatu ta fito da wayarta a hannu, wata 'yar Nokia mai baƙin roba a ɗaure. Ba ta tafi aiki ba. Ta durƙusa kusa da ni.

«Kaka, Uwaisu ya aiko da saƙo. Naka ne.»

«Nawa? Kishiyata ta fara aiko mini da wasiƙa? Karanta, amaryata.»

Da Larabci ya rubuta, ita take juya mini. «Hasken idona, ki ce wa Kaka ya buɗe ƙofa daga ɓangaren Inna zuwa titi kafin Asabar ta sama. Ƙofa za a ƙirga, ba mutane ba. Baba ya riga ya yi nasa. Ki goge wannan da kin karanta.»

Na ajiye finjali. Na dube ta, na dubi wayar.

«Maimaita inda ya ce hasken idona.»

«Kaka, ba wasa nake ba.»

«Ni ma. Wace gwamnati ce za ta bar mutum da ransa ta ƙirga ƙofa? Yaron nan ya gaji da gaishe ni, shi ke nan. Yana son ƙofar da zai same ki ba tare da ya bi ta gaban tsoho ba. Na yi samartaka kafin a haifi ubansa.»

«To ƙofofin da ka fasa wa babansa fa?»

«Gidan Salihu gidan Salihu ne. Gidan Alhasan ƙofa ɗaya gare shi. Ɗakin mata ya buɗe wa titi, duk mai jakin da ya wuce ya leƙo ya ga uwarki tana tsefe kai? Ina raye?»

Dije ta leƙo daga ciki, mayafi a baki. «Baba, ko ƙarama ce, a rufe ta da buhu...»

«Dije, koma ciki.»

Ta koma. Sakinatu ta miƙe, ta dube ni irin duban nan nata, ta sa wayar cikin jaka. Ba ta goge saƙon ba. Wannan sai daga baya na sani.

Asabar ta sama ta zo. Farar mota ta tsaya a bakin layi, wani injiniya mai gilashi ya fito da takardu, Salihu a damansa yana zuba Larabci kamar a gidan rediyo. A bayansu wa zan gani? Uwaisu, an ba shi aikin ɗan lokaci, gwangwanin jan fenti a hagu, buroshi a dama. Injiniyan ya tsaya ya yi bayani. Gida ɗari da ashirin za a gina, ba ƙari. Su maza ne, ba za su shiga inda mata suke ba, sun san al'adarmu, suna girmama ta. Don haka duk ƙofar da ta buɗe wa hanya, iyali ɗaya ce, lamba ɗaya.

Wallahi sai da na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, ni da ambaliya ba ta girgiza ni ba.

Suka iso zaurena. Sakinatu ta fito ta tsaya a bakin ƙofa cikin tob ɗinta, wato lafaya, ruwan ganye mai ɗigon zinariya, wanda Uwaisun ne ya kawo mata da sallar layya. Injiniyan ya tambaya, iyali nawa a nan?

Na ce, «Biyu. Ni, da matar ɗana da marayu biyar.»

Salihu ya karɓe. «Gida ɗaya ne, ranka ya daɗe. Tsohon ne yake ciyar da su duka. Ga ƙofa nan, ɗaya.»

Injiniyan ya juya wajen Uwaisu, don ya ji ɗan unguwa ne. «Haka ne?»

Yaron nan ya ci kisrar Dije shekara biyu a zauren nan. Ya san bambancin miyarta da ta Iya, har yana tsokanar Iya gishirinta ya yi yawa. Ya dubi ubansa. Ya dubi ƙasa. Ya ce da Larabci, «Ƙofa ɗaya ce.»

Sakinatu ta ce da Hausa, a hankali, «Uwaisu, dube ni.»

Ya tsoma buroshi. Ya ce mata, da Larabci, kamar yana magana da wata baƙuwa a tashar mota, «'Yar'uwa, matsa kaɗan kada fenti ya ɓata miki kaya.»

Ta matsa. Ya rubuta lamba hamsin da uku a bangon zaurena, fentin yana zirarowa. A gidan Salihu aka rubuta lamba biyar, ta gaba ɗaya, na bayan kwata huɗu. Aka kai ɗari da ashirin aka rufe gwangwani. Dije ba ta ciki. Haka gidan liman, haka gidan wasu biyu da suka yi zaure irin nawa.

Kun gane lissafin? Sabon gida ɗaki biyu ne, ba fili, ba katanga, ba a yarda ka ƙara ko rumfa ba. Ni da Iya da Dije da 'ya'ya biyar, cikinsu samari biyu. Ba zai yiwu ba. Abin da ya rage wa Dije shi ne ta kwashe yara ta koma wurin wanta a kambo, bukkokin leburorin gona da suke bayan Wad Haddad, inda ba makaranta, ruwan sha daga magudanar gona. Matar da ta shekara ashirin da uku a gidana tana wanke mini jallabiya.

Kwana uku Dije ba ta tayar mini da maganar ba. Tana kawo abinci, tana durƙusawa, tana cewa «Baba, ga shi.» Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta huɗu sai ga ƙanwar Salihu ta shigo da sallama mai tsawo. Ta zauna kan gadon igiya a rumfar Iya, ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta sauke. Wai a ɗaga biki. Wai sai an ga inda kowa ya zauna. Wai Uwaisu yana sa ran a ɗauke shi aiki na dindindin a ofis, kuma ma'aikacin ofis ba zai riƙa zuwa kambo gaishe da surukai ba, mutane za su yi magana.

Iya ta ce, «Kambo? Uban Salihu a ina ya mutu, a fadar Khartoum?»

Sakinatu tana tsaye jikin randa. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tob ɗin nan ruwan ganye, a ninke, da kwalbar turare, da 'yan kunne, ta ajiye a cinyar matar.

«Gwaggo, ki kai masa. Ki ce fenti bai taɓa shi ba.»

Da yamma wayarta ta yi ta kuka. Na kira ta zaure.

«Shi ne?»

«Shi ne.»

«Karanta.»

«Na farko: Na gargaɗe ku, ba laifina ba ne. Na biyu: Ba zan iya ƙaryata Baba a gaban mutane ba, ki fahimce ni. Na uku: Ki yi haƙuri wata shida, zan gyara komai. Na huɗu...» Ta tsaya. «Na huɗu: Kin goge wancan saƙon?»

«Mi kika ce masa?»

«Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.»

Na ce, «Amaryata, Salihu ya taɓa abin da ba a taɓawa. Na rantse da kabarin ubana da ban san inda yake ba, sai na ga ƙofofin nan sun ci shi. Ni na fasa su, ni na san abin da yake bayan kowace.»

Ta ce, «Ka yi naka, tsoho. Ni ma ina da nawa.»

An sa ranar sauraron ƙorafi bayan mako biyu, a farfajiyar makarantar firamare, ƙarƙashin darbejiya. Na sa babbar rigata ta shuɗi wadda ba na sawa sai Idi, na ɗaura rawani. Ina isa na ga Allah ya yi mini gata. Ba mai gilashin nan aka turo ba. Mace ce, injiniya Ilham, cikin farin tob irin na ma'aikata, da biro a maƙale a kunne, fuskarta ba alamar ta zo shan shayi. Salihu yana gefenta a kujera. Uwaisu yana tsaye baya riƙe da takardu.

Liman ya yi magana, ta ce ƙa'ida ce. Wasu suka yi, ta ce ƙa'ida ce, ba ita ta kafa ta ba. Sai na miƙe. Larabcina na kasuwa ne, amma yana isa inda na aike shi.

«'Yata, an ce ana ƙirga ƙofa ne don maza ba sa shiga wurin mata. Gaskiya ne?»

«Gaskiya ne, Baba.»

«Ke namiji ce?»

Aka fashe da dariya. Ita ma bakinta ya motsa.

«To taso in nuna miki iyalai huɗu da suke bayan gidan shugaban lajna. Ki gaishe su, sun daɗe ba su yi baƙo ba.»

Salihu ya miƙe. «Wannan tsohon ya ruɗe! Gidana da mata a ciki...»

Na ce masa da Hausa, «Zauna, Salihu, yau Larabcinka ba zai yi maka aiki ba.»

Ta taso. Unguwa duka ta biyo mu, har masu tallan gyaɗa. Muka zagaya ta kwata, tana toshe hanci da gefen tob. Na tsaya a ƙofa ta farko mai lamba ja a kai, na tura kwanon da ƙafa. Awaki uku suka dube mu suna tuƙa.

Na ce, «Ga maigidan nan mai gemu. Matansa biyu.»

Ta biyu ta buɗe a kan tarin karan dawa. Ta uku, na ce wa injiniyar ta ja baya, don bayan masai ne. Ta huɗu ta buɗe daidai kan gadon Salihu, ga hularsa a rataye, ga carbinsa. Mata suna guɗa, Iya tana gaba.

Amma kada ku raina Salihu. Ya gyara rawani, ya yi murmushi. Ya ce ƙofofin nan sun fi shekara goma, a dubi tsatsar kwanon, a dubi lakar. Ya yi su ne don 'ya'yansa maza in sun yi aure. Shi bai san ƙofa za a ƙirga ba sai ranar da kowa ya ji. In ma'aikata sun sa musu lamba, kuskuren ƙa'ida ne, ba nasa ba, kuma lambar da aka riga aka shigar ba ta fita sai da hujja.

Injiniyar ta taɓa lakar. Aikina ne, kuma na gaya muku ba a kama aikina. Ta juyo gare ni. «Baba, abin dariya na gani, amma hujja nake bukata. In tsofaffi ne, hannuna a ɗaure yake.»

Na buɗe baki zan ce ni na fasa su, sai na ji muryar Sakinatu a bayana.

«Ga hujja.»

Ta ratso mutane cikin baƙin tob na zuwa aiki, ba kwalli ba komai, wayar nan a hannu. Uwaisu ya gan ta. Ya ce da karyayyar Hausarsa, «Sakina, don Allah. Don ke na yi.»

Ta dube shi. Ta ce da Larabci mai kyau, irin na makaranta, «Ɗan'uwa, matsa kaɗan.»

Sannan ta karanta, da ƙarfi, a gaban liman, a gaban uwarta, a gaban kowa. Ba ta tsallake ko kalma ba. Ta fara daga «hasken idona», ta bi ta «ƙofa za a ƙirga», ta sauka a kan «Baba ya riga ya yi nasa». Ta miƙa wa injiniyar wayar ta ga lambar wanda ya aiko da ranar da aka aiko, kwana tara kafin motar hukuma ta zo.

Ba guɗa wannan karon. Salihu ya juya ya ɗauke ɗansa da mari a gaban jama'a. Yaron bai ko ɗaga hannu ba, idonsa yana kan Sakinatu. Ni da na zo ganin faɗuwarsu, na gani, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ta yi mini daɗi har cikin ƙashi. Marin ne kawai na so a ce a kuncin uban ya sauka.

Injiniya Ilham ta karɓi buroshi da hannunta ta ja layi a kan lambobi huɗun. Ta ce za ta shiga kowane gida mai zaure da ƙafarta, ta ga murhu, ta ga baƙin hayaƙi a bango. Gidana ta fara. Ta ga kaskon Dije, ta ga bangon da hayaƙin shekara ashirin ya dafe, ta ga takalman yara a jere. Ta rubuta sunan Dije, ta ba ta ɗaya daga cikin huɗun. Dije ta durƙushe a ƙasa tana kuka, ta riƙe gefen farin tob ɗin har ta ɓata shi da toka.

A bakin zaure injiniyar ta tsaya. «Saura abu ɗaya. Wa ya fasa ƙofofin can, ya shafe su don su yi kama da tsofaffi?»

Da wani ne da ya yi shiru. Ba wanda zai tona ni. Amma a ce an yi aiki irin wannan a Bayan Mahlaj, har injiniyar gwamnati ta taɓa ta kasa ganewa, a bar shi ba mai shi?

Na ce, «Ni. Akwai wani usta a garin nan?»

Iya ta dafe kai. Injiniyar ta rubuta. Ta ce sunana zai tafi wurin bincike tare da na Salihu da na Uwaisu, kuma lamba hamsin da uku an dakatar da ita sai an gama.

Da la'asar ina zaune a zaure, ba wanda ya kawo mini gahawa. Na yi gyaran murya sau uku. Can sai ga Sakinatu da tire, ta ajiye, ta zuba finjali ɗaya, ta ɗauka ta sha da kanta.

«Amaryata, yau mun kayar da su.»

«Biyu sun faɗi.»

«Biyu ne ai.»

«Uku ne, Kaka. Ɗaya ya yi ƙarya, ɗaya ya yi shiru. Na ukun an gaya masa gaskiya kwana tara kafin lokaci, ya ce wa uwata ta koma ciki. Da ka ɗaga gudumar nan sau goma, da yau ban tsaya gaban liman na karanta abin da aka rubuta mini ni kaɗai ba.»

Na ce, «Ni ne fa na kai injiniyar bayan kwata.»

«Na gani. An yi dariya.» Ta ajiye finjalin. «Inna tana da gida yanzu, da sunanta. Kai ba ka da shi. In bincike bai yi maka kyau ba, Iya tana da makwanci a wurinmu, wannan an gama. Kai kuwa za ka zo ka tsaya a titi, ka yi sallama, ka roƙi Inna da bakinka. Ni zan tsaya in ji.»

Shekara saba'in da biyar ba a taɓa gaya mini magana irin wannan ba. Na ɗaga sanda, ta tsaya ba ta ko ƙifta ba, na mayar da ita ƙasa. Jinina ne, ina zan kai shi?

Sai wayar ta yi ƙara a cikin jakarta. Ta duba. Na ga fuskarta ta canja, abin da ban gani ba ko a gaban makaranta.

«Shi ne? Karanta.»

Ta sa wayar a jaka, ta ja tob ta rufe kai.

«Wannan ba naka ba ne.»

Ta fita ta bar ni da tire da finjalin da ba komai a ciki.

Har yau da nake gaya muku wannan, hamsin da uku tana rataye, an rushe layi biyu, katafila tana matsowa. Iya ta riga ta ɗaure kayanta. Masu zaman bakin kasuwa suna cewa Usta Alhasan zai durƙusa wa matar ɗansa kafin damina. To, duk mai wannan zato, ɗan Madani ne ko ɗan Rufa'a ko ɗan ina, motar Hajj Abdalla ba ta ƙare ba. Ya sauka a tasha, ya tambayi kowane mai amalanke zauren magini, ina nan zaune da sandata. Ya zo ya faɗa a gabana, in ya isa.